Balbela Yana Nan

Zuwa ga Kawu,

Ina durƙusawa in gaishe ka, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da aikinka. Idan hannun rubutun bai yi maka kama da wanda ka sani ba, Auta ce, autar yayarka, wadda ta cije ka a yatsa ranar da ka zo yi mana sallama. Inna ta ce in tuna maka kakarta da kakanka ciki ɗaya suka fito, don haka ba ka da hanyar gudu.

Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ce ke tashi idan an yi sanyi, idon kuma sai a hankali. Yaya Malama tana gidanta tana fama da 'yan ajinta, Yaya Tela yana kan kekensa. Ni ina shagon buga takardu, daga safe zuwa la'asar ina tsaye gaban injin kwafi har ƙamshin tawada ya zama turarena.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na shiga ajin koyon rubuta manhaja, duk Asabar. Na kira ka sau biyu, muryarka tana yankewa kamar kana cikin rijiya. Inna ta ce dama kai mutumin takarda ne, kuma akwai direban motar kaya da ke zuwa wajenku duk mako.

Kwamfutar Yaya Balbela nake amfani da ita. Tun da ya kama hanyar zuwa wurinka shekara uku da suka wuce, bai iso ba bai dawo ba, tana cikin durowar Inna a naɗe da tawul. Na daɗe ina juya maganar kafin in roƙa. Da na roƙa, ta ce, "Aro na ba ki. In ya dawo ki mayar masa." Da na kunna ta, ba ta tambayi komai ba, ta buɗe kawai kamar jiya aka rufe ta. Harafin a da harafin n sun goge a madannai saboda yatsunsa.

Yanzu mun zo kan jeri, kuma a nan kaina ya ɗaure. Malaminmu ya zana akwatuna a allo, ya ce kowanne gurbi ne da ake ajiye abu ɗaya, ya ce na farko lambarsa sifili. Kawu, ni da nake ƙirga takardu kullum ban taɓa jin wanda ya ce a buga masa shafi na sifili ba. Na tambaya, aka yi dariya, malam ya ce haka abin yake, in haddace. Ni kuwa abin da ban gane ba ba ya zama a kaina.

Na san kai ka fara koya wa Yaya Balbela wannan aikin. Idan bai yi maka nauyi ba, ka koya mini.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Na karɓi takardarki, na gode. Lafiyata lau, sai bayan da ke tuna mini cewa na tsufa a kan kujera. Ki gaishe da Yaya, Innarki, da kyau, ki ce mata ban gudu ba, tabon yatsan ma yana nan shaida. Ki duba mini gwiwarta.

Na ji daɗi da ba ki yarda ki haddace ba. Ga yadda abin yake. Ki ɗauka jeri dogon gidan haya ne, ɗakuna a layi ɗaya, duk girmansu ɗaya. Kwamfuta ba ta san ɗaki na farko ko na biyu ba. Abu ɗaya ta sani: inda ƙofar gidan take. Lambar da kike ba ta ba matsayi ba ce, nisa ce. Kina ce mata ne, daga bakin ƙofa, tsallake ɗaki kaza. Wanda ke ɗakin bakin ƙofa, ɗaki nawa za ki tsallake kafin ki same shi? Babu. Shi ya sa sifili. Ba raini ba ne, kusanci ne.

Daga nan sai ki riƙe abu na biyu. Gida mai ɗaki huɗu, na ƙarshensa lamba uku ne. Yaren kwamfutar da ake koya muku kuwa tsoho ne, ba ya gardama. Idan kika ce ya tsallake huɗu, zai tsallake, ya fita ta bayan gida, ya shiga gidan maƙwabta, ya ɗauko duk abin da ya tarar ya miƙo miki da ladabi. Na ga manyan ma'aikata sun yi kwanaki suna neman irin wannan kuskuren.

Ga aiki. Ki yi jeri ki zuba sunayen 'yan gidanku. Sannan ki rubuta zagaye da zai bi gurbi-gurbi yana buga lamba da sunan da ke ciki. Ki fara rubutawa da biro a takarda, ki bi shi da yatsa kamar ke ce kwamfutar, kafin ki taɓa madannai.

Kin ce ko zai yi mini nauyi. Zai yi, amma ki ci gaba da rubutowa. Yayanki Balbela ma sai da ya yi mini wannan gardamar ta sifili, shafi biyu cur, har da cewa Turawa ne ba su iya lissafi ba. Da na ga tambayarki sai na ajiye takardar na fita baranda na ɗan tsaya.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya bayan? Inna ta ce ka daina zama kamar an dasa ka. Ita ma da sauƙi.

Maganar gidan haya ta shige ni, na gode. Amma wani abu ya faru, kuma ban gaya wa kowa ba sai kai.

Na yi aikin kamar yadda ka ce. Mu huɗu ne wurin Inna, don haka na yi gurbi huɗu, na bi tsarin haihuwa. Da na kunna, sai ga shi a fuskar kwamfuta: sifili Balbela, ɗaya Malama, biyu Tela, uku Auta. Na san abin da ka ce, kusanci ne. Duk da haka ganin sifili a jikin sunansa ya tsaya mini a rai. Yaya Malama ta zo gida ranar, ta leƙo ta bayana ta gani, ta ce a hankali, "Cire shi kafin Inna ta gani." Na cire. Na mayar da jerin gurbi uku, na rufe.

Washegari da rana a shago, babu ciniki, injin kwafi yana ta gurnaninsa shi kaɗai, na buɗe na kunna. Sifili Malama. Ɗaya Tela. Biyu Auta. Sai layi na huɗu ya fito. Lamba uku, wasu alamomi marasa kan gado, sannan a tsakiyarsu, balbela. Da ƙananan baƙaƙe, yadda yake sa hannu a saƙonninsa.

Kawu, na duba abin da na rubuta layi-layi. Sunan ba ya ciki. Na sa kwamfutar ta nemo shi, ta ce babu. Na kashe ta na kunna, ya sake fitowa. Wata mata ta shigo a yi mata kwafin takardar asibiti, na ba ta a juye, sai da ta ce, "'Yan mata, lafiya kuwa?"

Daga baya na ga kuskurena. Na rage jerin zuwa uku, na manta zagayen yana nan yana ƙirga huɗu. Wato na shiga gidan maƙwabta, kamar yadda ka ce. To amma me ya kai shi gidan maƙwabta? Ranar Asabar na kwafe aikin na sa a kwamfutar aji. A can, da ta zo layi na huɗu sai ta mutu kawai, babu suna babu komai. Malam ya ce na wuce iyaka, in gyara, ya wuce wurin na gaba. Na dawo gida na kunna a tasa, ga shi.

Na san gyaran, lamba ɗaya ce zan canza. Na kasa. Sai in sami kaina na kunna ba dalili, in zauna ina kallo. Jiya na ji bakina ya ce masa sannu.

Ni ba mai camfi ba ce. Ka gaya mini mene ne wannan.

Auta

*

Auta,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, direba yana jira, ni kuma mota tana jirana. An tura mu wani wurin aiki can bayan gari, inda na'urori suka rikice. Waya ba ta shiga can, kuma ban san ranar gamawa ba.

Game da Balbela, ki kwantar da hankalinki. Yana nan, bai je ko'ina ba. Tun farko yana nan a ajiye, ba a leƙa wurin ba ne kawai. Na ja layi a ƙarƙashin wannan don kada ki ƙara kwana da tsoro.

Ga bayanin. Ranar da ya fara kunna kwamfutar, ta tambaye shi sunan mai ita, ya ba ta. Tun daga ranar, duk manhajar da aka kunna, sai kwamfutar ta ajiye mata 'yan bayanai a gefe: daga wace folda take, wane ne mai aiki. Jerinki ya faɗo kusa da wurin ne. Da kika wuce iyaka, kika ɗebo. Ta aji ba ta san shi ba, shi ya sa ba ta kira shi ba.

Ki gyara. Kada ki sake rubuta adadi da hannu wuri biyu. Ki ajiye shi wuri ɗaya, jeri da zagaye su riƙa dubawa can.

Gaida Yaya.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina roƙon Allah ya sa ka dawo, ko wani ya kai maka wannan inda kake.

Direba ya zo ina shago, sai ya ba Inna takardarka. Ka san ta, abin da ya shigo gidanta nata ne. Ta buɗe. Karatunta kuma ka sani, harafi-harafi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ga ido ba ƙarfi. Ba ta bi ta kan bayanin folda ba. Inda ka ja layi nan ta tsaya.

Na dawo na tarar da igiyar shanya cike da fararen kaya. Duk rigunansa ta fito da su ta wanke. Ka san saboda fararen rigunan nan da dogayen ƙafafunsa aka sa masa suna Balbela. Iska tana kaɗa su, na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Ta ce, "Kin sani kika yi shiru?"

Na ce, "Me na sani, Inna?"

Ta zaro takardar daga ƙirjinta ta nuna mini da yatsa. Na ce mata maganar kwamfuta kake yi. Ta ce, "Kwamfuta tana can wurinsa ne da zai ce nan? Mutum in ya rubuta nan, inda yake zaune yake nufi." Na karanta mata sauran, ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan duk lulluɓi ne, kai mai zurfin ciki ne tun kana yaro. Ta riga ta haɗa labarinta. Wai ya iso, aikin bai karɓe shi ba, kunya ta hana shi waiwayo, kai kuma kana rufa masa asiri.

Sai na yi wauta. Na ɗauko kwamfutar don in nuna mata inda sunan ke fitowa, ko za ta gane. Ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Na ce, "Kin gani, ni ban rubuta shi ba, shi ya fito da kansa." Kawu, ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta ce, "To."

Yaya Tela ya yi mata magana, ta kore shi. Yaya Malama ta yi kuka, ta ce laifina ne da karambanina. Wataƙila haka ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ta warke. Ta nemi ƙarin abinci. Tana waƙa a madafa. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ya tafi. Ina kallonta ina jin tsoro, kuma, Allah ya yafe mini, ina jin haushi. Mu ukun nan muna gabanta kullum. Ni nake shafa mata magani a gwiwa. Shekara uku ba mu isa mu sa ta ci abinci ba, layi ɗaya a kansa ya isa. Wani lokaci sai in ga kamar shi kaɗai ta haifa, mu kuma riƙonmu aka ba ta.

Ka rubuto mata da hannunka, da manyan baƙaƙe, ba kwana-kwana. Daga bakinka kaɗai za ta karɓa.

Auta

*

Kawu,

Babu amsa, wayarka kuma a rufe. Ban ma san ko takardata ta baya ta same ka ba.

Inna ta tafi. Jiya da safe na fita shago na bar ta tana goge rigunan. Na dawo babu ita, babu su, babu ƙaramar jakarta. Wayarta tana kan gado. Adireshinka da ke bayan ambulan ta yage ta tafi da shi. Mai sayar da tikiti ya ce ya ga tsohuwa mai ɗingishi ta hau motar safe.

Hanyar nan ce da Yaya Balbela ya bi, Kawu. Ita ce dai. Yaya Tela ya tafi tasha yana tambayar direbobi, su ne waɗanda muka tambaya wancan karon, wasu har sun gane shi. Ni an ce in zauna a gida ko za a kira. Ina zaune. Ban san me zan yi da hannuwana ba.

Idan ta iso, ka kira, ko da wayar wani ce.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku duka. Kin ji muryarta a waya, kin san tana lafiya, gwiwar ce kawai ta kumbura saboda zaman mota. Abin da ban iya faɗa ba tana kusa da ni, shi ne zan rubuta.

Na dawo da rana, da ƙurar aiki a jikina, maƙwabciyata ta tare ni a matakala ta ce ina da baƙuwa kwana biyu. Ita ta sauke ta, Allah ya saka mata. Ta ce ta yi ta roƙon lambar wayar gida, Yaya ta ce ba ta haddace ba. Na san ta haddace. Tsoro take kada ku zo ku mayar da ita.

Na same ta zaune a kan tabarma, jaka a gefe, takardunki biyu a cinyarta, a buɗe. Direba ya bar su wurin maƙwabciyar, Yaya kuma ta gane rubutunki. Sauran kin sani. Rabona da ita shekara ashirin, amma ba mu yi wata doguwar gaisuwa ba. Ta dube ni, ta ce, "Buɗe mini ɗakinka."

Na buɗe. Ta shiga ta duba ko'ina, ba da sauri ba. Bayan ƙofa, banɗaki, baranda. Ta buɗe durowa ta shinshina kayan. Ta ƙirga takalma da ido. Akwai katifa da na saya lokacin da zai zo, tana jingine da bango har yanzu da ledarta. Ta tsaya a gabanta, ta ce, "Tasa ce?" Na ce tasa ce. Ta ce, "Bai kwanta a kai ba." Na ce bai kwanta ba, Yaya. Ta sa farce ta ɗan huda ledar, ta tura yatsa ta taɓa katifar. Sannan ta zauna a ƙasa.

Na ba ta haƙuri a kan layin da na rubuta. Ta ce, "Kai ka rubuta naka, ni na karanta nawa."

Washegari ta ce in kai ta tashar da ya kamata ya sauka. Na nuna mata bencin da na zauna a ranar, da washegarinta, da sauran. Ta zauna a kai. Motoci suna shigowa, tana kallon duk wanda ya sauko. Wani dogon yaro ya sauko da farar riga, na ji ta riƙe numfashi, ni ma na riƙe. Ya juyo, ya wuce mu yana waya. Mun kai la'asar a wurin. Ita ta fara cewa mu tashi.

A hanya ne ta kawo maganarki. Ta ce, "Auta ta ce riƙonsu aka ba ni." Na ce zafin rai ne, yarinya ce. Ta ce, "A'a. Ta iya rubutu, a hankali na karanta, sau uku." Ba ta ƙara ba. Ban ga fushi a fuskarta ba. Kada ki ba ta haƙuri idan ta dawo, kuma kada ki yi kamar ba ki rubuta ba. Ki bar ta ta zo miki ta hanyarta.

Jibi zan sa ta a mota, kujerar gaba, na yi magana da direban. Jakar kayan ta ce ba za ta koma da ita ba. Ta ce, "Nan ya nufa. In zai ɓullo, nan zai fara zuwa." Na karɓa.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da godiyar da ba ta da iyaka. Inna ta iso lafiya. Mu ukun muka je tarbarta. Ta sauko ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce Yaya Tela ya rame, ta ce wa ya bar shi ya fito da riga ba maɓalli, shi da yake ɗinka wa gari.

Ba ta yi mini maganar takarda ba. Amma da na ɗauko maganin gwiwa ta karɓe, ta ce in miƙo ƙafata, wai mai tsayuwa gaban inji ita ma tana da gwiwa. Ta shafa mini. Ban san inda zan sa idona ba.

Waƙar madafa ta tsaya. Abinci tana ci, kaɗan. Idan an taɓa ƙofar gida har yanzu tana ɗaga kai, ni ma haka.

Na gyara aikin yadda ka ce, adadi wuri ɗaya. Layi uku suke fitowa, su tsaya. Malam ya duba ya ce da kyau. Na nuna wa Inna, ta karanta da yatsa, ta ce ya aka yi auta ta zama ta biyu. Na fara yi mata bayanin gidan haya, ta ce in rufa mata asiri.

Ba zan ɓoye maka ba, na ajiye kwafin marar gyaran a wata folda. Na san daga ina sunan yake zuwa, na gane bayaninka sarai. Ban buɗe ba tun da ta dawo. Ban kuma goge ba.

Mako mai zuwa za mu shiga jeri a cikin jeri. Malam ya ce kamar bene ne, hawa da ɗaki. Ka shirya.

Auta

*

Auta,

Na ji daɗin isowarta. Ki gaishe ta, ki gaida yayyenki. Bayana da sauƙi.

Jeri a cikin jeri ba wuya. Lamba biyu za ki bayar, ta farko hawa, ta biyu ɗaki, kowacce daga sifili. Ki zana a takarda tukuna. Kwafin da kika ajiye kuwa, naki ne, ba zan ce komai ba.

Jakar ta yi kwanaki inda Yaya ta ajiye ta. Jiya na ga damina ta matso, na ji tsoron kada rigunan su yi fumfuna, na fito da su na shanya a baranda. Sun fi ƙarfin igiyata, ƙasansu yana jan siminti.

Da na sauka sayen sabulu, mai shagon da ke tsallaken titi yana ta murmushi. Shi ya sayar mini da ƙarin bokiti da kofi wancan lokacin, na gaya masa ɗana zai zo. Ban zaci yana tune ba. Ya nuna barandar da haɓa, ya ce, "Barka, maigida. Baƙon namu ya iso ke nan?"

Na ɗaga kai. Daga ƙasa, da iska a cikinsu, ni ma sai da na ƙara dubawa.

Na ce masa kayansa dai sun iso.

Kawunki